Ƙofar da Gwaggo Take Bari a Ƙunshi

A gidanmu na Ƙofar Marusa ba a taɓa kai amarya ɗakin miji da ƙunshin wani hannu ba in ba na Gwaggo ba. Yayar babanmu ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida ta zauna a ɗakin da ke kusa da rijiya, ita da farantin tangaran ɗinta da reza da naɗin salatif. Takan shimfiɗa salatif a bayan farantin, ta yanka shi siri-siri, ta ɗauko da bakin reza ta manna a ƙafar amarya, sannan a bi da lalle a rufe. In an cire, inda salatif ya kwanta ya fito fari, sauran ya yi ja. Kowace mai ƙunshi da irin yankanta, amma na Gwaggo ko daga nesa ka hango ka san shi: layi biyu ne suka kewaye ƙafa tun daga diddige, waɗanda take kira ganuwa, da ƙananan haƙora a tsakaninsu, sai fure mai siririn ganye a kan ƙafa da yake miƙewa zuwa idon sawu. Shi aka yi wa yayyena, shi aka yi wa ƙannen babanmu, shi aka yi mini.

Ni kuwa aikina zane ne a kwamfuta, a wani shagon buga kati da ke hanyar Gobarau. Katin biki, kalanda, sitikar da ake manna wa bokiti da kofi a raba wa mahalarta, duk ta hannuna suke bi. Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. In na shiga gaishe ta sai ta ce, “Ga mai kallon talabijin a biya ta nan ta iso.” Ni ma ba na barin ta, sai in ce ai gara ni, ita da ta ƙare rayuwarta tana shafa ƙafafun mutane. Haka muke tun ina yarinya, kuma duk gidan babu wadda nake ƙauna kamarta.

Abin da ya fi ɓata mini rai a aikina shi ne mutum ya turo ɗan mitsitsin hoto ta waya, ya ce a buga masa shi a kan bana mai girman bango. Shi hoto ƙananan ɗigogi ne aka jera kusa da kusa. In ka ja shi ya yi girma, ɗigogin ne suke kumbura, fuska ta fashe, rubutu ya dagule, sannan mai shi ya zo ya tsaya a kanki yana cewa kin ɓata masa aiki. Amma akwai wani irin zane da muke kira bekta, wanda ba ɗigogi ba ne, layi ne. Ka dasa tsinke nan, ka dasa can, ka gaya wa kwamfuta yadda layi zai lanƙwasa a tsakaninsu. Irin wannan, ko ka mai da shi kamar ƙwayar gero, ko ka ja shi ya cika bango, bakinsa yana nan tsaf. Shi na fi iyawa, shi ne kuma injin yanka sitika yake ganewa, don shi injin ba ya ganin hoto, layi kawai wuƙarsa take bi.

A shekarar da aka sa ranar bikin jikar Gwaggo na gane hannunta ya soma rawa. Uwar yarinyar ita ce babbar ɗiyar Gwaggo, wadda muke kira Yaya, ita kuwa yarinyar sunan Gwaggo ta ci, don haka tun tana goye Gwaggo take cewa ita za ta yi wa takwararta ƙunshin aure. Wata Juma'a na shiga ɗakinta ba ta ji sallamata ba. Ta sunkuya a kan faranti, rezar tana karkarwa a hannunta, ta ja layi ya karkace, ta ɓare ta cusa ƙarƙashin tabarma, ta sake shimfiɗa wani. Babban yatsanta na hagu a naɗe yake da tsumma, jini ya ɓullo ta sama. Da ta ɗago ta gan ni sai ta kife farantin.

“Rezar yanzu ba ta da kirki,” in ji ta. “Ko hwarce ba ta yankewa.”

Na ce haka ne, Gwaggo. Na zauna muka gaisa kamar ban ga komai ba, amma gefen tabarmar nan ya yi tudu saboda ɓatattun yanka. Na yi mata sallama na fito.

Ashe Yaya ta riga ni gani. Da na je gidanta a GRA ta gaya mini ta riga ta kama wata mai ƙunshi, irin masu zuwa da sitikar waje a cikin leda, fure-fure iri ɗaya da za ka gani a ƙafar kowace amarya daga nan har Kano.

“Kin hwaɗa ma Gwaggo?” na tambaye ta.

“Me zan ce mata? Inna hannunta ya tahi, ke ma kin sani. So kike ta yanke ma yarinya ƙahwa, ko a kai ta gidan mutane da ƙunshi karkatacce? Ranar sai in ce mata ta huta, ta sa albarka.”

“Ta huta? Yaya, matar da ta yi maki, ta yi mani, ta yi ma duk wadda ta fita gidan nan, ita za a zaunar a lungu tana kallon baƙuwa na taɓa ƙahwar takwararta?”

Na faɗi maganganu da yawa a ranar, wasunsu sun fi ƙarfin bakin ƙanwa. Yaya ta bar ni na gama, sannan ta ce in ina da hannun da zan ara wa Inna to in kawo. Amaryar tana zaune a gefe tana wasa da bakin mayafinta. Da ta rako ni bakin ƙofa ta ce a hankali, “Anti, ni hwa na Gwaggo nike so.” A lokacin ban san abin da zan yi ba. Sai da na hau mashin mai ƙafa uku, muna cikin tafiya, maganar Yaya ta dawo mini. Hannun da zan ara mata. Ai kuwa muna da shi a shago, yana can a kusurwa yana yanka sunayen makarantu da lambar mota.

Washegari na roƙi Alhaji mai shagon ya bar mini guntattakin farar sitika mai laushi da ake zubarwa, ya kuma bar ni in yi amfani da injin in babu aikin mutane. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Ƙunshi? A injina?”

“Ƙunshi, Alhaji.”

“To, Allah shi ba da sa'a. Kada dai in ishe lalle a kan teburi.”

Abin da nake da shi na yankan Gwaggo hoto ɗaya ne, na ƙafata ta dama ranar bikina, wanda wata ƙawata ta ɗauka da tsohuwar waya. Na sa shi a kwamfuta. Manhajar tana da wani maɓalli da ake dannawa ta mai da hoto layi da kanta, kuma da yake sauri nake yi, shi na fara dannawa. Ta zana mini ƙunshin, ta zana saƙar tabarmar da na taka, ta zana jijiyar ƙafata da inuwar zanen da na ɗaura, duk ta cakuɗa su da tsinkaye ba iyaka. Na tura wa inji haka don in gani. Wuƙar ta yi ta tsalle tana ƙara, ta tauna sitikar ta yi mata kaca-kaca. Na goge, na ce wa kaina ai dama abin Gwaggo ba na malalaci ba ne.

Sai na ɗauki alƙalamin manhaja na bi shi da hannu. Na kulle hoton a ƙasa, na buɗe sabon shafi a samansa, na soma da ganye ɗaya. In dasa tsinke a gindin ganyen, in dasa a bakinsa, in kama hannun tsinken in ja har layin ya kwanta daidai kan na Gwaggo. Da farko tsinkaye da yawa nake sawa, ganyen ya fito da gargada. Ina ragewa yana gyaruwa, har na gane biyu sun isa, ɗaya a gindi ɗaya a baki. A nan na tsaya ina kallon allon. Ashe da ja biyu take fitar da kowane ganye, ta ja reza ta dama, ta ja ta hagu, su haɗu. Shekaru ina zaune kusa da ita ban taɓa lura ba, sai da na bi sawunta da linzamin kwamfuta. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, har na yi dariya ni kaɗai, Alhaji ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da na gama ɓangaren da ake gani a hoton, na yanka, ya fito sumul. Na kai gida na manna a ƙafata ta hagu, na kwaɓa lalle na rufe, na ɗaure da leda na zauna ina jin kaina. Da na cire na wanke sai na ga abin kunya. Duk inda ya kamata ya yi fari ya yi ja, inda ya kamata ya yi ja ya yi fari. Idona a kan ja ya faɗa a hoton, don shi ne mai kyan, sai na bi jan na zana, na manta cewa mai ƙunshi farin take yankawa. Maigidana ya shigo ya tsaya ya dubi ƙafar ya dubi fuskata.

“Wannan kuma na wane gari ne?”

Na ce ya fita mini daga ido. Shi lalle ba a roƙonsa ya goge, don haka na yi makonni ina yawo da safa a ƙafa ɗaya cikin zafin bazara, mutane suna tambayata ko ciwo na ji. Gyaran kuwa bai ɗauke ni komai ba. Da yake layukan suna nan, sai na zana siffar ƙafa a bayansu, na ce wa manhaja ta cire wannan daga cikin wancan, nan take abin ya juye. Da da reza ne, sai an koma farko.

Saura diddige da cikin ƙafa, waɗanda hotona bai kama ba. Na shiga guruf ɗin matan gidanmu na waya na ce duk mai hoton ƙafarta na ranar aure ta turo mini, kada kuma wadda ta gaya wa Gwaggo. Aka yi ta tsokanata, wata ta ce ko asiri zan yi musu. Amma suka turo. Wasu na waya ne, wasu tsofaffin hotunan kati ne da suka yi ja, aka ɗauko daga ƙasan akwati aka sake ɗauka.

A hotona akwai wani wuri da ya daɗe yana ba ni haushi. Kusa da babban yatsa, ganuwar ta yanke, lalle ya ratsa ta kamar faɗin ƙwayar wake. Tun ranar bikina na gan shi, na ɗauka salatif ne ya zame lokacin da ake ɗaure leda, har na yi ƙunƙuni a raina cewa ni ce aka yi wa aikin gaggawa. A wurin aikinmu kuwa layin da bai haɗu ba aibi ne. In ka bar shi a buɗe launi ba ya zama daidai, inji ya yanka ya bar sitika a maƙale, kuma abin da Alhaji ya fi yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai ke nan. Don haka tun ranar farko na kama bakin layin biyu na haɗe su, ina jin na gyara wa Gwaggo kuskurenta.

Da hotunan suka taru sai na jera su ɗaya bisa ɗaya, kowanne a shafinsa. Na rage musu kauri har ana hango na ƙasa ta cikin na sama, na juya wannan, na ja wancan, har diddige ya hau kan diddige, yatsa ya hau kan yatsa. Niyyata in samu yadda ganuwar ta zagaya baya. Sai na ga wani abu. A hoton Yaya ganuwar ta yanke kusa da babban yatsa. Na kunna na ƙanwar babanmu, wadda ta yi aure tun ba a haife ni ba, nan ma ta yanke. Na kunna na gaba, na kunna na gaba. Duk ƙafar dama, wuri ɗaya, faɗi ɗaya, har ramukan suka hau kan juna ina hango farin allo ta cikinsu. Na duba na hagu, ko ɗaya babu, ganuwa a rufe ruf.

Salatif ba ya zamewa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Da gangan take barin shi, kuma duk cikinmu babu wadda ta sani, kowace ta ɗauka nata ne ya samu matsala ta yi shiru. Na koma kan zanena, na ɗauko almakashin manhaja, na datse ganuwar dama a wuri biyu, na cire guntun da na ƙara da kaina. Tun da na fara aikin nan ban taɓa buɗe layi ina murna ba sai ranar.

Sai kuma na tuna hannun da zai manna shi. Gwaggo da bakin reza take ɗaukar ganye ɗaya-ɗaya, yanzu kuwa ba za ta iya ba. Na ƙara wa layukan kauri kaɗan, yadda ido ba zai gane ba amma ba za su tsinke ba. Na haɗa furen da ganyensa ya zama guda, na haɗa haƙoran da ganuwa, na fitar wa kowane yanki ɗan kunne a gefe wanda za a kama da yatsa biyu a cire daga baya. Na sa amarya ta taka takarda na zagaye ƙafarta da biro, na auna, na ja zanen ya zauna daidai da ita.

Kai wa Gwaggo shi ne abin da na fi tsoro. Na same ta da hantsi tana jan carbi, farantin yana jingine da bango ya yi ƙura. Bayan mun gaisa na fito da takardar na ajiye a gabanta.

“Miye wannan?”

“Yankanki ne, Gwaggo. Na sa inji ya bi hannunki.”

Ko kallonsa ba ta yi ba. “Ɗauke abinki. Ni za a kawo ma yankan inji? Ashe har ke kin sa ni cikin matattu. Ku je ku yi da baƙuwar taku, an hwaɗa mani, ba kurma ce ni ba.”

Raina ya ɓaci, don ni ma jininta ce. Na ce, “To ban ɗauka. In kin ga dama ki hura wuta da shi.” Na koma bakin ƙofa na zauna na juya mata baya. Kaji suna ta tono a tsakar gida. Can sai na ji ƙarar takarda. Na saci kallo. Ta ɗauke ta ta kawo kusa da ido, ta ɗora yatsa a kan ganye tana bi, ta bi furen, ta sauko kan ganuwar hagu ta zagaye ta. Ta koma ta dama. Yatsan yana rawa yana tafiya, ya bi diddige, ya biyo gefe, ya zo kusa da babban yatsa ya faɗa cikin ramin. Ya tsaya a nan.

“Ke,” ta ce. “Zo nan. Wa ya hwaɗa maki?”

“Ba wanda ya hwaɗa mani. Hotunan ƙahwahunmu na tara na gani.”

Ta ajiye takardar a kan cinyarta. Sannan ta ce, lokacin da aka kai ta gidan mijinta can bayan gari, mutanen kirki ne, ba su rage ta da komai ba, amma a wancan zamanin amarya ba ta zuwa gida sai an daɗe. Ta ce kullum da la'asar sai ta tsaya a bayan zaure tana jin kewar innarta.

“Da na hwara yanka ma amare, sai na ce kowace zan bar mata ƙohwa. A ƙahwar da za ta shiga ɗaki da ita. Ta tahi da sanin gidansu ba a ruhe yake ba. Ban taɓa hwaɗi ba, kada a ce tsohuwa ta kawo camhi.”

Na ce mata ni na yi shekaru ina jin haushin tawa, na ɗauka aikin gaggawa ta yi mini. Ta kai mini duka a cinya tana dariya, hawaye yana bin kuncinta. Ni ma kukan na yi, ban ɓoye ba. Sai ta sake ɗaga takardar ta ƙare mata kallo.

“Haƙoran nan sun cika tsini. Nawa ba su kai haka ba.”

“Sai in rage masu.”

“Sai an sake duka ke nan?”

“A'a, Gwaggo. Kahin ki gama alwala na gyara.”

Ta ce ƙarya nake yi. Washegari na kawo kwamfutar hannu har ɗakinta, na kama tsinken haƙori ɗaya na ja shi ƙasa, sauran duk suka bi. Ta riƙe baki. Daga nan fa ta samu abin yi, a ja nan, a kwantar da can, ganyen nan ya cika ƙiba. Ta wahalar da ni fiye da duk wani mai kawo katin biki, kuma ban taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba.

Yaya ba ta yarda nan take ba. Ta juya sitikar gaba da baya, ta ce yanka dai ya yi, amma mannawa fa? Muka tsaya a kan cewa baƙuwar za ta yi wa amarya hannu ta yi wa ƙawaye, ƙafa kuwa ta Gwaggo ce, in abin ya gagara baƙuwa ta karɓa.

Ranar ƙunshi da safe tsakar gidanmu ta cika da mata. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, amarya ta miƙe ƙafa a kan cinyar Gwaggo, ni ina gefe riƙe da takarda. Gwaggo ta yi bisimilla ta kama kunnen yanki na farko. Hannun ya kama rawa, sitikar ta naɗe ta manne a yatsanta. Na ga Yaya ta yunƙura tana duban baƙuwar.

“Zamna,” in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago ba.

Na miƙa mata wani, don na yanko da yawa. Wannan karon ta kwantar da tsintsiyar hannunta a kan ƙaurin amarya, ta sauke bakin ganuwa a diddige, ta bi ta da babban yatsa a hankali har ta zagayo. Ta kwanta lif. Ta ɗora furen, ta gyara masa zama da farce, ta ja baya ta dube shi da ido ɗaya kamar yadda take yi tun muna yara. Daga nan hannun ya tuna aikinsa. Rawar ba ta daina ba, amma ba ta hana komai ba, har ta soma yi wa amarya tsiya cewa ƙafarta irin ta kakanta ce, faɗi kamar faifai. Da kanta ta shafa lallen, da kanta ta ɗaure.

Bayan la'asar aka kwance. Aka kankare lallen, Gwaggo ta kama kunnuwan nan ta ɓare sitikar ɗaya bayan ɗaya, aka zuba ruwa, aka shafa mai. Lalle ya kama ja wur, ganuwa ta fito fara tas, haƙora a jere, fure ya miƙe zuwa idon sawu. Wata ƙanwar babanmu ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baƙuwar ma ta taso ta durƙusa tana kallo, ta tambaya a ina ake sayar da irin wannan. Na ce ba a sayarwa, na gidanmu ne. Yaya ta tsuguna ta riƙe ƙafar ɗiyarta ta dama, ta ɗora yatsa a kan ramin nan.

“Inna, nan ya zame. Irin yadda nawa ya yi.”

“Nawa ma haka ya yi,” in ji wata daga baya.

“Ni ma.”

Suka dubi juna. Gwaggo ta dube ni, ta ce in gaya musu, ita bakinta ya gaji. Na gaya musu. Yaya, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba ko a ranar rasuwar mahaifinta, ta kifa kai a kafaɗar uwarta ta yi ta kuka, amarya tana taya ta, Gwaggo tana cewa su tashi mata daga jiki kada su ɓata ƙunshi. Ni kuwa ina tsaye da guntun takarda a hannu, ina jin kamar ni na gina Katsina.

Bayan an watse biki da 'yan kwanaki na shiga gaishe ta. Ba ta ce mini mai kallon talabijin ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi maigidana, ta tambayi Alhaji da injinsa, sannan ta ce, “Shi abin naki, kin ce ana ja shi ya yi kowane girma?”

“Kowane girma, Gwaggo.”

“Har na ƙahwar tsohuwa?”

Sai a lokacin na yi tunani. Bayan aurenta ta ƙirƙiro yankan, amare kawai take yi wa, kuma babu wanda ya iya shi sai ita. Duk matan gidanmu sun taka ƙasa da shi ban da mai shi. Na ɗauko takarda na sa ta taka, na zagaye ƙafar da biro, ƙafa 'yar ƙarama mai faso a diddige. Washegari na dawo da yankan, na zauna a tabarma, ta ɗora ƙafarta a kan cinyata. Na manna ta hagu. Da na zo ta dama na tsaya da ganuwar a hannu, na ce da wasa, ita da take zaune a gidansu, ko in rufe mata?

“Bar mani ita a buɗe,” in ji ta. “Ni ma innata na can tana jira.”

Na kwantar da ganuwar, na bar mata ƙofarta kusa da babban yatsa, na jawo kwanon lalle.